Jar Ƙasar Ɗakin Inna

Tabawa ba ta da lokacin masu zane. Sarin kabeji da karas take yi a kasuwar Farin Gada, tun da duku-duku take fita tarar motocin ƙauye, kuma duk wanda ya taɓa ciniki da ita ya san bakinta ya fi wuƙarta kaifi. Don haka ranar da wasu matasa suka shigo kasuwar da lasifika suna shelar wani bikin zane-zane da za a yi a wani fili wajen Rayfield, ko kallo ba su ishe ta ba.

Abin da suke cewa shi ne za a zana garin Jos a jikin wata doguwar katanga, amma ba da fentin kanti ba, da ƙasa. Kowane gida ya kawo kwano ɗaya na ƙasar gidansu. Za a tankaɗe ta, a jiƙa, a haɗa da ƙaro da makuba don kada ruwan sama ya wanke, sannan ranar bikin kowa ya zo ya shafa da hannunsa.

"Aikin yi ne ya yi musu kaɗan," Tabawa ta ce wa maƙwabciyarta mai tumatir. "Su zo su yi mini dakon kabeji, su ga ko za su ƙara tuna wata katanga."

Shugabar matasan, wata budurwa mai suna Kosiso, ta ji ta sarai. Maimakon ta ji haushi sai ta tsaya a bakin rumfar tana dariya.

"Mama, ke 'yar ina ce?"

"'Yar Jos mana. Kin ga na yi miki kama da baƙuwa?"

"Wace unguwa?"

"Kabong," in ji Tabawa.

Bakinta ne ya faɗa tun kafin ta yi tunani. Kosiso ta ce to, ana jiran ƙasar Kabong daga hannunta, ta yi gaba abinta. Tabawa kuwa ta wuni tana faɗa da masu dako ba tare da sun yi mata komai ba.

Gaskiyar magana, rabon Tabawa da Kabong ya fi shekara ashirin. A can aka haife ta, a gidan da kakanta ya kafa zamanin haƙar kuza, a can aka binne cibiyarta bayan madafi, kusa da ta 'yan'uwanta. Bayan rikicin da ya raba unguwannin garin, mahaifinta Malam Haladu ya yi abin da mutane da yawa suka yi a lokacin. Yana da wani amini, Ignatius, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda gidansa ke bayan Farin Gada, cikin Musulmi. Suka zauna suka yi musayar gida, kowa ya koma cikin nasa. Lokacin Tabawa tana ɗakin mijinta. Da mijin ya rasu ta dawo gidan ubanta, sai ta iske gidan uban ba shi ne wanda ta sani ba. Ta zauna, ta saba, iyayen suka rasu ɗaya bayan ɗaya, shi ma Ignatius ta ji labarin ya rasu. Ba ta taɓa komawa ta leƙa Kabong ba, kuma in an tambaye ta dalili sai ta ce me ta ajiye a can.

Kwana biyu bayan shelar, 'yarta Hussaina, wadda ke koyarwa a firamare, ta dawo gida tana karkaɗe hannu.

"Umma, na kai namu."

"Namu na me?"

"Ƙasar da aka ce a kai. A gindin lemun tsamin nan na ɗiba, baƙa ce wuluk. Sun ma ce irinta suke nema."

Tabawa ta dubi bishiyar lemun da ke bayan rijiya, wadda suka tarar a gidan. Ta ce, "Allah ya ba da lada." Amma abin ya tsaya mata a rai. Za a zana Jos ɗungurungum, kowa ya sa ƙasar ubansa, ita kuma a wakilce ta da ƙasar gidan Ignatius? Ita da sau nawa ana tambayarta a kasuwa wai asalinsu daga ina suka zo, tana ba da amsar da ke sa mutum ya bar canjinsa ya gudu? A'a. Ƙasar gidan Malam Haladu sai ta hau katangar nan.

Hanyar da ta dace a bayyane take: ta je ta yi sallama, ta gaida matar Ignatius, ta roƙi ƙasa kwano ɗaya. Amma Tabawa ta juya abin ta ga ba za ta iya ba. Shekara da shekaru ba ki je ba, mijin mace ya mutu ba ki yi gaisuwa ba, rana tsaka ki faɗo wai ƙasa kike so? Kunya ta hana ta. Sai ta zaɓi dabarar da ta fi kowace muni, tana ganin wayo ta yi. Ta ce ranar Lahadi da safe duk suna coci, za ta je ta ɗiba a ƙofar gida ta dawo, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Ranar Lahadi ta zumbula hijabi, ta sa cokali da baƙar leda a jaka, ta hau keke napep. Unguwar ta sake mata gaba ɗaya, shaguna sun cinye filin da suke wasa, amma wani ƙaton dutse da ke kwanar layinsu yana nan inda ta bar shi. Gidan an sa masa ƙofar ƙarfe an yi masa shuɗin fenti. Layin shiru. Ta duba gabas ta duba yamma, ta tsugunna daidai bakin ƙofa, ta fara kwasar ƙasa da cokali tana zubawa a leda, bakinta na motsi da bisimilla.

Ita kanta Tabawa, da za ta fito ta tarar da wata baƙuwa a ƙofar gidanta tana ɗibar ƙasar sawun mutane a baƙar leda tana motsa baki, da taɓarya za ta fara gaishe ta kafin ta tambayi sunanta. Duk garin nan, Musulmi da Kirista, ba wanda bai san abin da ake yi da irin wannan ƙasa ba. Ita kaɗai ce ta manta, don hankalinta yana kan katanga.

Ƙofar ta buɗe. Wani ƙaton saurayi da singileti ya tsaya a kanta. Okey ne, ɗan autan gidan, wanda bai je coci ba saboda matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba.

"Hajiya! Me ka na yi a nan?" ya daka mata tsawa da irin Hausarsu. "Juju ka zo yi? A gidan da akwai jariri?"

Kafin ta miƙe, layin da ta ɗauka ba kowa ya cika. Tsofaffin da ba su iya zuwa coci, masu shago, 'yan acaɓa, kowa da abin da yake faɗa. Wani ya fizge ledar ya ɗaga sama. Tabawa mai bakin da ke tsayar da direban tirela ta ja baya ta manne da bango. Tsoro ya kama ta, amma kunya ta fi tsoron yawa.

"Zane za a yi da ita," ta samu ta ce. "A Rayfield."

Wasu suka kwashe da dariya, wasu suka ƙara harzuƙa. Wata tsohuwa ta ce in dai ba mugun abu ba ne, to ta lasa a gani. Tabawa ta miƙa hannu za ta karɓi ledar, don a shirye take ta cinye ta duka in hakan zai sa a bar ta ta tafi. Ana cikin haka mutane suka dare, wata dattijuwa mai ɗaurin ɗankwali babba ta ratso, littafin addu'a a hannunta. Ta tsufa, ta rame, amma tafiyar ba ta sake ba. Akunna ce, matar Ignatius.

"Maman Nonso," in ji Tabawa. "Ni ce. Tabawa, 'yar Malam Haladu."

Akunna ta tsaya cak. Duk unguwar Mama Okey suke ce mata. Ta daɗe tana duban fuskar da ke cikin hijabin, sannan ta juya wajen taron.

"Ku tafi gida. Wannan 'yar gidan ne. Kafin ni, ita ne a nan." Ta karɓi ledar ta leƙa, ta murza abin da ke ciki da yatsu. "Tabawa, wannan yashi ne. Tifa ya kawo wancan sati. Okey zai yi gini."

Dariyar da aka yi a wannan karon ta fi ta farko ciwo. Akunna ta ja hannunta suka shige, ta turo ƙofa.

A ciki Tabawa ta yi bayani tiryan-tiryan, kanta a ƙasa, ta haɗa da gaisuwar rasuwar Ignatius da ta makara da ita shekaru. Akunna ta ce ta ji shelar ita ma a coci, ba ta dai kai komai ba. "Wane ƙasa zan kai? Duba."

Tabawa ta duba. Tun daga bakin ƙofa har bangon baya, tsakar gidan shafe take da siminti. Inda Inna, mahaifiyarta, ke shanya kuɓewa, siminti. Inda Malam Haladu ke ɗaure tumaki, siminti. Ta zagaya bayan madafi da sauri, ta tarar an zuba kankare an ɗora tankin ruwa daidai wurin da aka binne cibiyoyinsu. Ko ƙasar da za ta cika farce babu. Ta dafa ƙarfen tankin ta tsaya. Baƙin ciki ya cika ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka gaya mata an yi musayar gidan. Ba ta ga laifin kowa ba. Mutum ya zauna a gida shekara ashirin, ai ya gyara abinsa.

"Lemun tsami na bayan rijiya," Akunna ta ce daga bayanta, a hankali. "Yana nan?"

"Yana nan. Awaki sun ci bayansa, amma yana 'ya'ya."

"Cibiyan Nonso yana ƙarƙashi. Babansa ya shuka ranan." Ta gyara ɗankwalinta. "Nonso ya mutu, Tabawa. Hatsarin mota, hanyan Akwanga. Tun lokacin ba wanda ya kira ni da sunansa sai yau."

Tabawa ta yi salati ta riƙe baki. Nonso, wato Chukwunonso, yaron da ke biyo ubansa gidan nan yana cin tuwo da ƙannenta. Ta yi ta'aziyya, sannan wani abu ya faɗo mata.

"Maman Nonso, 'yata ta riga ta kai ƙasa. A gindin lemun ta ɗiba. Tana can wajen masu zanen."

Akunna ta zauna a kan wani bokiti da aka kife, ta sa bakin zane ta share ido. Da ta miƙe sai ta shiga madafi ta fito da wuƙa da kwanon silba, ta ce, "Zo."

A can ƙuryar gidan akwai wani ɗaki guda da bai yi kama da sauran ba, gajere, rufin kwanonsa ya yi tsatsa. Ɗakin Inna ne. An mayar da shi wurin ajiyar tsofaffin tayoyi da jarkoki. Akunna ta ture wata taya ta nuna bango. Yaɓen simintin ya ɓare ya faɗi, ga jar ƙasa nan a fili, da guntayen ciyawa a cikinta.

Tabawa ta san labarin bangon nan. Kakanta ne ya haƙa rami a tsakar gidan, shi da Malam Haladu yana saurayi suka kwaɓa ƙasar da ƙafafunsu, suka gina. Ta karɓi wuƙar ta shiga kankara, garin ƙasar na zuba cikin kwano. Okey ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Hajiya, ka yi haƙuri. Ban sani ba."

"Kai ne za ka yi haƙuri, ɗana. Ko ni ce, abin da zan yi ke nan, har da ƙari."

Ya ce ta zo a kan gaɓa, don gobe leburori za su rushe ɗakin, yashin da ta gani a waje na sabon ginin ne. Tabawa ta ci gaba da kankara har kwanon ya cika. Kwano ɗaya aka ce, kwano ɗaya ta ɗiba. Kafin ta tafi sai da Akunna ta sa ta ta ɗauki jaririn, ta yi masa addu'a, ta sa masa abin da ya sawwaƙa a cikin zani.

Ranar Asabar ɗin bikin ta bar rumfa a hannun mai tumatir, abin da ba ta yi ko ranar sallah. Ita da Hussaina suka biya Kabong suka ɗauki Akunna. Ɗakin Inna babu shi, an kwashe ɓaraguzan an cike wani kwazazzabo da su.

Filin bikin cike yake da jama'a, ga masu kiɗa, ga masu tsire, ga manyan motocin mutanen Rayfield an jera a gefe. Katangar ta fi yadda Tabawa ta zata tsawo. An fitar da zanen da gawayi, duwatsu da gidaje da tituna da tafkunan kuza, mutane kuma sun yi layi, yara da manya, kowa na tsoma hannu a daro yana shafawa inda aka nuna masa. Tabawa ta hango Kosiso ta nufe ta, ta buɗe kwanon kamar mai nuna gwal.

"Ga ta Kabong. Nuna mini inda za a sa tawa."

Kosiso ta yaba kyan jan, ta ce ba ta makara ba, tunda gari ce za ta jiƙu nan da nan. Sannan ta nuna wasu manyan daruka a inuwa. Ɗaya baƙar ƙasa ce a ciki, ɗaya fara, ɗaya ruwan ƙwai, ɗaya ja.

"Zuba a na jan, Mama."

"In zuba a ina?"

"A daro. Duk jar ƙasar da aka kawo tana ciki, ta gida-gida. Haɗawa muke yi."

Tabawa ta rufe kwanon ta rungume shi. Ita duk tsawon kwanakin nan abin da ta ƙudura shi ne za a ba ta wurinta, ko da faɗin tafin hannu ne, ta shafa, gobe ta kawo jikokinta ta ce musu kun ga nan, ƙasar gidan kakanku ce.

"Ke yarinya, kin san abin da na sha kafin in samo wannan? Saura kaɗan a sa ni cin yashi a bainar jama'a! Sannan ki ce in juye ta cikin ta kowa da kowa, ta ɓace?"

"Kwano ɗaya ba ya isa ko ƙofar gida guda a zanen nan, Mama," in ji Kosiso. "In kowa ya ce sai an ware masa tasa, katangar za ta fito kamar zanin da aka yi wa faci. Amma taki ce. In kin fasa ba mai ganin laifinki."

Hussaina ta matso ta yi ƙasa da murya. "Umma, ki zuba rabi ki rage rabi mana. Tunda ɗakin ma babu shi."

Shawarar ta yi ma'ana, kuma Tabawa ta so ta ɗauka. Ta tsaya tana tunanin inda za ta ajiye ragowar. A ƙarƙashin gado, cikin leda, ta yi ta ɓoyon ta kamar kayan boka. Ranar da ta mutu wata jika ta buɗe ta ce wannan wane irin datti ne, ta watsar a kwata. Ta juya neman Akunna, sai ta hango ta can wajen baƙin daro. Dattijuwar ba ta tambayi kowa ina tata take ba. Ta naɗe hannun riga ta tsoma hannu har wuyansa, ta je tana shafa wa wani dutse baƙi a hankali, kamar mai shafa wa yaro mai.

Tabawa ta buɗe kwanon, ta yi bisimilla, ta juye duka. Ta karɓi ruwa a moɗa ta ɗauraye kwanon ta ƙara a ciki. Da ruwan ya taɓa ƙasar sai ƙamshi ya taso, irin na ɗakin Inna da safe in ta yayyafa ruwa za ta yi shara. Hawaye suka zubo mata, ba ta kuwa ɓoye su ba. Wani saurayi ya kawo muciya zai juya, ta karɓe ta ce ya matsa, ba a koya mata tuƙi.

Har la'asar tana jikin katangar. Ta shafa rufin gidaje, ta shafa titin da ya gangara kasuwa, ta yi faɗa da wani mai babbar riga da ke ɗiga mata ja a kan farin da wasu suka gama. Mutane na zuwa suna tsoma hannu a daron suna wucewa da shi gaba, har can ƙarshen da ba ta iya hangowa sosai.

Da aka tashi, suka ja da baya su uku suna kallo. Akunna ta zungure ta da gwiwar hannu, don tafin nata baƙi ne ƙirin.

"To, Tabawa, ina naki?"

Tabawa ta bi katangar da ido daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Ta ɗaga hannunta da ya rine har gwiwa, ta rasa inda za ta nuna, ta sauke shi.

"Duk inda kika ga ja," ta ce.